Tarihin Siririn Tiyo Mai Shiga Zuciya

Duk mai noman rani a bakin tabkin Tabalak ya san abin da ke biyo baya in laka ta toshe tiyon ban ruwa: shuka ta bushe. Zuciyar mutum ma tana da nata ƙananan jijiyoyi masu shayar da ita jini. In kitse ya toshe guda, sai ciwon ƙirji mai tsanani ya taso, wani lokaci har rai ya salwanta.

A da, likitoci suna tsoron taɓa zuciya. A shekarar 1929, wani saurayin likita na ƙasar Jamus, mai suna Fosman, ya gwada a jikinsa. Ya zura siririn tiyo ta jijiyar hannunsa har cikin zuciyarsa, ya tafi aka ɗauki hoton ƙirjinsa. Manyansa suka yi masa faɗa. Amma a 1956 aka ba shi babbar kyautar Nobel.

A 1977, a birnin Zurik na ƙasar Suwis, likita Guruntsik ya sa ɗan balan-balan a bakin tiyon. Ya kai shi inda jijiya ta ƙuntata, ya hura shi, hanya ta buɗe. A 1986, a Tuluz ta Faransa, likita Puwel ya fara barin ɗan ragar ƙarfe cikin jijiya don kada ta sake rufewa.

Amma aikin yana da nasa haɗari. Jijiyar zuciya ba ta fi karan gamba kauri ba. Wayar da ke yi wa tiyo jagora tana iya huda ta, ko balan-balan ya tsaga ta, musamman ga tsofaffi waɗanda jijiyarsu ta yi tauri. In ta huje, jini ya kan taru cikin jakar da ke rufe da zuciya, ya matse ta har ta kasa bugawa. Wannan ba ya samun ko mutum 1 cikin 100, amma yana kisa in an yi jinkiri.

Sannu a hankali likitoci suka koyi gyara. A 1994, likita Elis na Amurka da abokan aikinsa suka kasa hujin kashi 3, daga ƙarami zuwa babba, don a san mai buƙatar gaggawa. Yau ana hura balan-balan ya danne wurin, a zuƙe jinin da allura, a liƙe hujin da raga mai rufi. In ya faskara, sai tiyata.

Saboda haka, wanda likita ya aika wannan aiki kada tsoro ya hana shi zuwa. Ya tambayi amfaninsa da haɗarinsa, haƙƙinsa ne. Mu kuwa da sauran lafiya, mu bar taba, mu rage gishiri, mu je gidan likita na kusa ko babban asibitin Tawa a auna mana hawan jini da suga. Rigakafi ya fi magani.