Weizenbaum da ELIZA: Tarihin Wata Gardama a kan Na'ura da Asirin Mutum

Tun daga watan Nuwamba na 2022, sa'ad da aka fito da ChatGPT, mutane da yawa sun saba da yin zance da kwamfuta kamar yadda a ke yi da aboki, har suna gaya mata abin da ba za su gaya wa 'yan'uwansu ba. Galibi ana tsammani wannan sabon al'amari ne. Alhali kuwa gardamar da a ke yi a kansa ta haura shekara hamsin, kuma wanda ya tayar da ita yana cikin waɗanda suka fara ƙaga irin wannan na'ura.

An haifi Joseph Weizenbaum a Berlin ta ƙasar Jamus cikin 1923. Iyayensa Yahudawa ne, saboda haka cikin 1936 suka guje wa mulkin Hitler, suka zauna a Detroit ta Amurka. Can ya karanta ilmin lissafi. Daga baya ya yi aiki a kamfanin General Electric, cikin 1963 kuwa ya koma MIT, watau babbar makarantar fasaha da ke jihar Massachusetts. A nan ne ya rubuta wani tsari na kwamfuta, ya sa masa suna ELIZA, ya bayyana shi ga masana cikin watan Janairu na 1966.

Aikin ELIZA ba shi da wuyar ganewa. Mutum ya kan buga magana da tafireta, sai tsarin ya nemi wata kalma da ya sani a ciki, ya juya maganar ta zama tambaya, ya mayar masa. In mutum ya ce yana baƙin ciki, sai a tambaye shi dalili. In ya ambaci uwarsa, sai a ce ya ƙara bayani a kan iyalinsa. Weizenbaum ya sa tsarin ya kwaikwayi likitan ƙwaƙwalwa mai bin hanyar Carl Rogers, domin irin wannan likita sauraro ya fi yi, ba sai ya nuna ya san kome ba. Na'urar ba ta fahimtar ko kalma guda.

To, abubuwa uku suka faru waɗanda suka ta da hankalinsa. Na farko, sakatariyarsa, wadda ta ga yadda ya sha wahalar shirya tsarin wata da watanni, ta zauna ta gwada shi. Ba a jima ba ta roƙe shi ya fita daga ɗakin, don ta yi zancenta a kaɗaice. Na biyu, ya kawo shawara a riƙa ajiye hirarrakin da mutane su ke yi da ELIZA don ya duba su, sai aka yi masa ca, aka ce wannan leƙen asirin zukatan mutane ne. Na uku, wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Kenneth Colby da abokan aikinsa suka rubuta cikin 1966 cewa in an kyautata irin wannan tsari, zai iya duba ɗaruruwan majinyata cikin sa'a guda.

Ya kamata mai karatu ya lura da na farko da na biyu tare. Sakatariyar ta kori mutum don ta ɓoye asirinta, amma ta miƙa asirin ga na'urar da mutumin nan ke iya buɗewa in ya ga dama. Watau tana jin kunyar idon da ta ke gani, ta mance da wanda ba ta gani.

Cikin 1976 Weizenbaum ya buga littafinsa mai suna Computer Power and Human Reason. Jigonsa shi ne, lissafi dabam, hukunci dabam. Na'ura tana iya lissafi, amma hukunci yana bukatar wanda ya taɓa jin tsoro da kunya da tausayi. Saboda haka akwai ayyukan da bai kamata a ba ta ba ko da za ta iya, kamar aikin alƙali da na mai jinyar zuciya. Har ila yau ya yi gargaɗi cewa in aka koya wa na'ura gane maganar baki, hukumomi za su sami hanya mai sauƙi ta sauraron wayoyin jama'a.

Abokan sana'arsa ba su ji daɗi ba. John McCarthy, wanda ya raɗa wa fannin ƙirƙirarriyar basira suna, ya soki littafin, ya ce ba a gina shi bisa hujja ba. Ra'ayinsa shi ne, babu abin da alƙali ya sani wanda ba za a iya gaya wa kwamfuta ba. Weizenbaum bai janye ba, ko da ya ke ya zama kamar bare a gidansu. Ya koma Berlin cikin 1996, ya rasu a 2008.

Me tarihi ya nuna bayansa? Ba duka ya yi daidai ba, gama na'urar gane murya ta amfani makafi da waɗanda ba su iya rubutu ba, abin da bai ba shi nauyin da ya cancanta ba. Amma tsoronsa a kan asiri ya tabbata. Cikin 2013 Edward Snowden ya tona cewa hukumar leƙen asirin Amurka tana tara bayanan kiran waya na miliyoyin mutane. A ƙarshen Maris na 2023 hukumar kare bayanan jama'a ta Italiya ta dakatar da ChatGPT a ƙasar kusan wata guda, saboda yadda a ke tattara bayanan masu amfani da shi.

Malaman da ke horar da masu koyarwa suna da abin ɗauka a nan. Weizenbaum bai ƙi na'ura ba, shi ne ma ya gina ta. Abin da ya ƙi shi ne a bar masu gininta su kaɗai su yanke inda za ta tsaya. Ɗalibin da zai zauna gaban irin wannan na'ura yana bukatar a koya masa tambayoyin da ba a yi ba a ofishin nan na MIT: ina maganata ta ke zuwa, wa ke ajiye ta, wa kuma ke da ikon karanta ta?