Mafarkin Ɗalibai 342: Mudun da Aka Auna Himmar Bahaushe da Shi

A wannan makon za mu waiwayi wani bincike da aka yi a kanmu.

A shekarar 1966, Robert LeVine, Ba'amurke masanin halayyar ɗan Adam da al'adu, ya fitar da littafi mai suna Dreams and Deeds. Ya ɗora aikinsa ne a kan ra'ayin David McClelland, wanda ya ce ana iya auna ƙishin cin nasara da ke zuciyar mutum daga labaran da yake ƙirƙira. LeVine ya sa ɗaliban sakandare maza 342 suka rubuta mafarkansu da Turanci, 65 daga cikinsu Hausawa. Da aka tantance, Inyamurai suka zo kan gaba, Yarabawa na biye, Hausawa a ƙarshe. Ya danganta hakan da tsarin barantaka na ƙasar Hausa, inda biyayya ga ubangida ke ɗaga mutum.

Masana suna yi wa kowane ma'auni tambaya biyu. Ta farko, daidaito: in an maimaita awon, ko wani ya auna, za a sami abu ɗaya? Ta biyu, inganci: abin da aka ce ana aunawa, shi ake aunawa? Mudu a kasuwar Gaya kullum cikinsa ɗaya ne, amma ba zai gaya maka ko ƙwari sun cinye geron ba.

LeVine ya kula da ta farko, domin an tantance mafarkan ba tare da sanin ƙabilar mai su ba. Ta biyun ce ke da ƙura. Yaron da ya tashi da kunya, aka koya masa cewa ba kowa ake faɗa wa mafarki ba, me zai rubuta wa baƙo cikin harshen aro? Sannan 'yan bokon Arewa a lokacin 'yan ƙalilan ne. Ina almajirai, ina fatake, ina mata?

Tarihi ma yana da nasa mudun. Ana danganta Abagayawa da wani maƙeri da ya taso daga Gaya zuwa Dala neman tama. Agalawa da Tokarawa sun yi ta fataucin goro har Gwanja. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, manoma da 'yan kasuwa suka rungumi gyaɗa, Alhassan Ɗantata ya shahara a kanta. Wannan himmar ba ta shiga ajin da aka raba takardu ba.

Saboda haka in za ka sa "bincike ya nuna" a rubutunka, fara tambaya: su wa aka tambaya, su nawa, da wane harshe? In ka kwafo sakamako ba ka duba mudun ba, manomin Ajingi da ke sammako zuwa gona ne ka yanke wa hukunci a bayan idonsa.

Allah ya ƙara mana basira.