Asalin Inna Uwar Gona

Tun kafin Wangarawa su kawo Musulunci Kano a zamanin Sarki Yaji (1349-1385), manoman karkarar arewacin Kano, wajen Bichi da Dambatta, sun yarda cewa gona tana da uwa. Ita ce Inna, wadda wasu ke kira Doguwa. Tsofaffin Maguzawa suka ce ita ta haifi yawancin iskoki. Gidanta Jangare, birnin aljanu, amma ta fi son zama cikin kuka ko tsamiyar da ke tsakar gona. In damina ta kawo kai, mai gida ya yanka mata farar dabba a gindin itacen, ya roƙi albarkar gero da dawa. Matar da ta rasa haihuwa, ita ma can take kai kukanta. Suka ce ba ta mayar da mai roƙo hannu sake, amma wanda ya saci ko zangarniya guda a gonar da take tsaro, sai ta shanye masa hannu ko ƙafa. Saboda haka damin hatsi kan kwana a fili ba mai taɓawa.

An yi saɓani kan asalinta. 'Yan bori sun ce Bafilatana ce mai shanu. Wasu dattawa suka ce ta riga Fulani zuwa. Ni dai maganar dattawan ta fi kwanta mini, don Tarihin Kano ya ambaci zuwan Fulani ne a zamanin Sarki Yakubu (1452-1463), noma kuwa ya girme wannan nesa ba kusa ba. Ga alama daga baya aka yafa mata zanen Fulani.

Mabiya addinin Buddha a Tibet suna da irinta, Tara mai jinƙai, suna zana ta fara ko koriya bisa furen bado, suna zuba ta da tagulla. Kakanninmu ma sun san Doguwa biyu, Fara mai sauƙin kai da Baƙa mai zafi, sai dai ba su sassaƙa ta ba. Siffarta a jikin mutum ake gani. In an kaɗa garaya, aka yi mata kirari, sai ta hau godiyarta, a lulluɓe matar da farin zane, ta zauna tana motsa yatsu kamar mai tatsar nono, jama'a na matsowa da buƙatunsu.

Yau Musulunci ya game karkara, yawancin mutane sun bar yanka a gindin itace, alhamdu lillahi. Cutar shan inna da ake ɗora mata, rigakafi ya rage ta ƙwarai. Abin da ke ba ni takaici shi ne, mutanen da suke tsoron aljana sun bar damin maƙwabci ya kwana lafiya, mu da muka san Allah muna kwana gona da tocila don gadin hatsi. Wannan amana ta kakanni ita ya kamata mu gada.