Daga Tokar Kara Zuwa Jarkar Soda: Tarihin Wanki a Ƙasar Ungogo

A shekarar 1965 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta buga wani rahoto da Michael Mortimore da J. Wilson suka rubuta a kan gundumar Ungogo. Abin da ya kawo su shi ne gano yadda jama'a masu yawa haka ke ci daga 'yan gonaki ƙanana, shekara da shekaru, ba a bar ƙasa ta huta ba. Amsar tana kan gadon bayan jaki. Da rani jakuna kan shiga birnin Kano da itace, su fito da mangaloli shaƙe da taki, wato kashin dabbobi da shara da toka. A irin wannan ƙasa toka dukiya ce. Gona na nemanta, marina na nemanta, tukunyar miya na nemanta, kuma tun kafin a ga sabulu naɗe a takarda, da ita ake wanki.

Aikin na mata ne, lokacinsa kuma bayan kaka. Mace kan ware karan gero ko na dawa, ta ƙona shi a wuri mai tsabta don kada ƙasa ta shiga tokar. Sai ta nemo tsohuwar tukunya da gindinta ya huje, ta toshe hujin da ciyawa ko tsumma, ta cika ta da toka, ta ɗora a kan wata, ta riƙa zuba ruwa kaɗan-kaɗan. Abin da ke ɗiga ƙasa, ja-ja-ja, mai santsi tsakanin yatsu, shi ne ruwan toka, kuma tatar farko ta fi kaifi. Da shi kaɗai ana jiƙa tufa mai maiƙo ta saki. Wadda ke son sabulu kuwa sai ta mayar da ruwan kan wuta har ya ƙone ya yi kauri, ta zuba mai, ta kama muciya. Man gyaɗa ne, ko man kaɗe, ko kitsen da aka samo wurin mahauta, gwargwadon abin da hali ya bayar. Ta yi ta juyi har ya haɗe ya yi baƙi, ya huce, ta cuccura shi. Babu sikeli, babu rubutaccen ma'auni. Ido da yatsa ne ke gaya mata ko toka ta rinjayi mai, wanda in haka ta faru sabulun zai ci hannu, ko mai ya rinjayi toka, ya ƙi kumfa.

Abin da hannunta ya sani shi masana sinadarai suka tabbatar. Tokar tsiro na ɗauke da gishirin fotash, wanda in ya dahu tare da mai sai su rikiɗa su zama sabulu. Fotash ɗin ne ya sa sabulun gargajiya ke da laushi, yake jan danshi da damina, ba ya tauri irin na wanda aka yi da soda.

Ba kowane wanki ke jiran sabulu ba. Tukunya mai baƙin hayaƙi toka da yashi ne maganinta, ƙwarya kuma soso. Ga aduwa, wadda ake daka saiwarta ko ɓawonta a kaɗa cikin ruwa ta yi kumfa a wanke tufafi. Kumfar ba ta banza ba ce: a 1933 wani likita a Sudan, R. G. Archibald, ya nuna cewa sinadarin da ke cikin 'ya'yan aduwa na kashe dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya.

Sai kanwa, wadda tafiyarta ta fi ta kowa nisa. Daga yankin tafkin Chadi da ƙasar Manga fatake ke ɗauko ta a kan takarkarai da jakuna. Heinrich Barth, wanda ya sauka Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa kayan kanwa da ke ratsa birnin zuwa Nupe a shekara ba su kasa 20,000 ba. Mafi yawanta dabbobi da girki da taba ne ke cinyewa, amma mai wanki ta san amfaninta, domin tana tausasa ruwan rijiya mai nauyi, irin wanda ke hana sabulu kumfa. Daga kudu kuma sabulun salo ke hawowa, wanda ake yi da tokar ɓawon ayaba, daga baya har da ta ɓawon koko, da man alayyadi. Shi wannan tsadarsa ta sa ya fi zama na wanka da gyaran amare.

Jirgin ƙasa ne ya sauya lissafin. Dogo ya iso Kano a 1911, a kakar 1912 kuma cinikin gyaɗa ya buɗe, manoman kewayen birni suka rungume ta. Man gyaɗar da ke fita Turai masana'antun man shafa burodi da na sabulu ke buƙata, su kuma kamfanonin da ke sayenta su ne ke da kantunan da ake jera sabulun. Kamfanin Lever Brothers, mai Sunlight, ya sayi Kamfanin Neja a 1920, aka yi masa rajista a Nijeriya a 1923, ya kafa masana'anta a Apapa. Paterson Zochonis ya shiga yin sabulu a Aba a 1948. A 1960 Omo ya shigo kasuwa.

Adalci shi ne a faɗi cewa ba talla kaɗai ta ba sabulun kanti galaba ba. Yana da tauri, yana jimawa, ba ya ɓata farar riga, kuma garin wanki na yin kumfa ko da ruwan ya yi nauyi. Abin da ya fi komai, ya sauke wa mace wunin da take yi a bakin murhu. Wadda ke daka da surfe da ɗiban ruwa da raino ba za a zarge ta ba don ta aiki yaro kanti. Da farin yadi da shadda suka yawaita, bula da sitaci da dutsen guga na gawayi suka biyo baya, tukunyar toka ta koma bayan ɗaki, sai in za a kaɗa miya.

Amma duk sa'ad da aljihu ya matse, gida ake komawa. Tsuke bakin aljihun da gwamnatin Shagari ta yi a 1982 ya sa kayan masarufi ƙaranci, a 1984 har layi ake bi kafin a samu sabulu da madara. Da shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar Naira, shirin kyautata rayuwar matan karkara da Maryam Babangida ta ƙaddamar a 1987 ya sa koyar da haɗa sabulu cikin manyan sana'o'insa. Kamfanoni suka gane inda ciwon yake, suka fara ƙulla garin wanki a 'yar leda daidai kuɗin talaka. Kano ma ta samu nata, domin a nan ake yin Viva. Sai 2023 ta zo da nata: a watan Maris Unilever ya bayyana daina harkar su Omo da Sunlight da Lux a Nijeriya, a ƙarshen Mayu aka cire tallafin man fetur, a Disamba kuma kamfanin da ke yin Ariel ya ce zai rufe masana'anta ya koma shigo da kaya. Farashi ya yi sama. A yau daga Rijiyar Zaki zuwa Bachirawa da Fanisau, ba a rasa gidan da ake ɗura sabulun ruwa a gorar lemo ana sayarwa.

Sai dai wannan na gidan ba shi ne wancan na toka ba. Kayan haɗinsa, soda da salfonik da kala da turare, daga kasuwar Sabon Gari ake auno su, galibinsu kuma daga ƙasashen waje suka zo, don haka da Dala ta motsa su ma sun motsa. Gonar da za ta ba da kara ana yanka ta filaye, a ƙaramar hukumar Ungogo, inda ƙidayar 2006 ta sami mutum fiye da 360,000. Tsofaffin da suka iya tatar toka har ta zama sabulu suna ta raguwa, kuma abin takaici ne a ce cibiyoyin koyar da sana'a sun cika da darasin soda, ba kasafai suke tanadar darasin toka da man kaɗe ko man darbejiya ba, alhali su ne kayan da ba a nema da kuɗin waje.

Soda kuma tana da haɗarin da ya wuce na toka nesa ba kusa ba. In an narka ta fara ce tas kamar ruwan sha, kuma likitoci a Nijeriya sun daɗe suna karɓar yaran da suka kurɓe ta a gidajen da ake haɗa sabulu, maƙogwaronsu ya ƙone ya tsuke. Duk mai wannan sana'a ta zuba soda a cikin ruwa, kada ta zuba ruwa a kan soda. Ta sa safar hannu, ta guji tukunyar alminiyam, ta bar sabulun sanda ya sha iska kamar mako huɗu kafin ya taɓa fata. Kada kuma ta taɓa ajiye ruwan soda a kofi ko gorar ruwa, a ƙasa, inda hannun yaro zai kai.