Makin aji da makin jarrabawa: wanne ake dubawa wajen ɗaukar ɗalibi?

Kai mai karatu, in kana da ɗa ko ɗiya a lakwal, a Magariya ko a Dungas, ka sani da ma'auni biyu ake auna ƙoƙarinsa. Na farko shi ne makin aji, wanda malamai ke ba shi tsawon shekara. Na biyu shi ne makin jarrabawar ƙasa, wadda ake yi cikin ƴan kwanaki.

Matakan karatu

A Nijar, yaro na yin shekara 6 a firamare, 4 a kwaleji, 3 a lise. Ƙarshen firamare akwai jarrabawar CFEPD. An dakatar da ita kimanin shekara goma, ana wucewa da makin aji, sannan aka maido ta a 2024. Ƙarshen kwaleji akwai BEPC, ƙarshen lise kuma bakaloriya, wadda ake kira bak.

Yadda ake lissafi

Ana ba da maki bisa 20, kuma 10 ne mizanin wucewa. Amma darussa ba nauyinsu ɗaya ba, kowane yana da lambar da ake ninka makinsa da ita. A ce nauyin lissafi 3 ne, na tarihi 1. Ɗalibin da ya samu 14 a lissafi da 8 a tarihi yana da 42 da 8, wato 50. In an raba gida 4, ya tashi da 12,5. Wanda ya samu 8 a lissafi da 14 a tarihi yana da 38, ya tashi da 9,5, bai kai mizani ba. Don haka ka tambayi malami darussan da suka fi nauyi a sashen ɗanka, ko A ne, ko C, ko D.

Wanne ya fi rinjaye?

Daga aji zuwa aji, makin shekara ne ke yanke hukunci. Wajen shiga jami'a kuwa, kamar André Salifou ta Damagaram ko Abdou Moumouni ta Yamai, bak ce mabuɗi. Mai 10 ya ci, amma darajar sakamako na ƙaruwa a 12, da 14, da 16, kuma wannan yana da amfani inda gurabe suka yi kaɗan. Wanda ya kusa kai 10 ana ba shi zagaye na biyu.

Kowane ma'auni da rauninsa. Malamin wata makaranta ya fi na wata sakin hannu, shi ya sa ake son jarrabawa ɗaya ga kowa. Ita kuma jarrabawa, zazzaɓin kwana biyu na iya ɓata wahalar shekara, shi ya sa ba a yar da makin aji.

In za a tsallaka Najeriya

Jami'o'i irin su Bayero ta Kano na neman makin jarrabawar hukumar JAMB, wanda ake ƙirgawa bisa 400, tare da kiredit 5 a WAEC ko NECO, har da Turanci. Sannan kowace jami'a na yin nata tantancewar.

Abin da ya rataya a wuyanka

Ka karɓi takardar makin ɗanka a ƙarshen kowane zango. In karatunka bai kai ba, ka sa a karanta maka. Ka adana ta tare da takardar haihuwa, domin za a neme su. Buɗe makarantu kan zo daidai da kaka, kada ka riƙe yaro a gona ko yarinya a gida, saboda darasin da ya wuce su yakan rage makin shekara. In ka ga maki ya faɗi ƙasa da 10, ka je wurin shugaban makaranta tun shekara ba ta yi nisa ba.