'Yan wasan Afirka a Gasar Firimiya ta Ingila

Gasar Firimiya ita ce babbar gasar ƙwallon ƙafa ta ƙungiyoyin Ingila. An fara ta a watan Agustan 1992 da ƙungiyoyi 22, aka rage su zuwa 20 a shekarar 1995. A lokacin da aka fara ta kusan duk 'yan wasan daga Birtaniya da Ireland suke, kuma 'yan Afirkan da ke ciki ba su taka kara sun karya ba. A yau kuwa ɗan Afirka, Mohamed Salah na Masar, shi ne baƙon da ya fi kowa cin ƙwallo a tarihin gasar.

Shekarun farko

Peter Ndlovu na Zimbabuwe, ɗan wasan gaban Coventry City, shi ake ɗauka a matsayin ɗan Afirka na farko da ya buga gasar, a watan da aka buɗe ta. A Maris 1995 ya ci Liverpool ƙwallo uku rigis a filinta na Anfield, abin da aka shafe fiye da shekara 30 babu baƙon da ya yi. Efan Ekoku, haifaffen Ingila da ya zaɓi buga wa Najeriya, shi ne ɗan wasa na farko da ya ci huɗu a wasa ɗaya a gasar, ranar da Norwich City ta lallasa Everton da ci 5–1 a Satumban 1993.

Daniel Amokachi, ɗan Kaduna, ya zo Everton daga Club Brugge bayan Kofin Duniya na 1994. Bai ci ƙwallaye da yawa a gasar ba, amma magoya bayan ƙungiyar ba su manta da wasan kusa da na ƙarshe na Kofin FA na 1995 ba. Ana duba Paul Rideout da ya ji rauni, Amokachi ya shiga fili tun kafin koci Joe Royle ya ba da umarnin canji, ya kuma ci Tottenham ƙwallo biyu. Everton ta ɗauki kofin a wannan shekarar.

Ba duk labaran zamanin ne na abin alfahari ba. A Nuwamban 1996 wani mutum ya buga wa kocin Southampton, Graeme Souness, waya yana cewa shi ne George Weah, ya yi masa tallan wani wai ɗan uwansa mai suna Ali Dia. Souness ya ba shi ɗan gajeren kwantiragi, ya saka shi a wasa da Leeds bayan Matt Le Tissier ya ji rauni, ya kuma cire shi kafin a tashi. Dia bai sake buga gasar ba. Shi Weah na ainihi sai a Janairun 2000 ya zo Chelsea a matsayin aro, ya ci Kofin FA da ita, shekara 18 kafin ya zama shugaban ƙasar Laberiya.

Dokokin da suka tsara hanya

Abubuwa biyu suka fi tasiri a kan yadda 'yan Afirka ke isa Ingila. Na farko shi ne takardar izinin aiki. Shekaru da dama doka ta buƙaci ɗan wasan da ba na Tarayyar Turai ba ya kasance ya buga kashi 75 cikin 100 na manyan wasannin ƙasarsa a shekara biyu da suka gabata, kuma ƙasar tana cikin 70 na farko a jerin FIFA. Wannan ya sa da wuya matashi ya tashi daga Kano ko Kumasi ya sauka kai tsaye a Landan. Sai ya bi ta Beljiyam ko Faransa ko Holan tukuna, ya yi suna, ƙasarsa ta fara kiransa. Na biyu shi ne hukuncin Bosman na Disamban 1995, wanda ya hana ƙayyade yawan 'yan Tarayyar Turai a ƙungiya. Da kuɗin talabijin suka ƙaru, sai ƙungiyoyin Ingila suka shiga sayayya a kasuwannin da 'yan Afirka suka riga suka cika.

Sakamakon ya bayyana a fili ranar 26 ga Disamban 1999, lokacin da Chelsea ta zama ƙungiya ta farko da ta fara wasa da mutum 11 babu ɗan Birtaniya ko ɗaya. Mai tsaron bayanta na hagu a ranar shi ne Celestine Babayaro, shi ma haifaffen Kaduna, wanda ta saya daga Anderlecht a 1997. Ta ci Southampton 2–1.

Kofuna da tarihin da aka kafa

Christopher Wreh na Laberiya ya ci gasar da Arsenal a kakar 1997–98. Bayansa Nwankwo Kanu ya zo daga Inter Milan a 1999. A Oktoban wannan shekara Chelsea na gaban Arsenal da ci 2–0, saura minti 15 a tashi, Kanu ya ci uku, ta ƙarshen daga kusa da layin gefen raga, inda kowa ya zaci bugowa zai yi. Shi da Lauren na Kamaru da Kolo Touré na Kwaddibuwa suna cikin tawagar Arsenal da ta gama kakar 2003–04 ba a doke ta ba.

Didier Drogba shi ne ɗan Afirka na farko da ya ci Takalmin Zinare, da ƙwallo 20 a 2006–07, ya sake ci da 29 a 2009–10. Jimillar ƙwallayensa 104 ita ce mafi yawa ga ɗan Afirka har Oktoban 2021, lokacin da Salah ya wuce shi da ƙwallo uku a ragar Manchester United a Old Trafford. Salah ya ci 32 a kakarsa ta farko a Liverpool, 2017–18, kuma a 2025 ya karɓi takalmin karo na huɗu, daidai da Thierry Henry. A kakar 2018–19 mutum uku suka raba kyautar da ƙwallo 22 kowanne, dukkansu 'yan Afirka: Salah, Sadio Mané na Sanagal da Pierre-Emerick Aubameyang na Gabon. Mané ne kuma ya ci ƙwallo uku mafi sauri a tarihin gasar, cikin minti 2 da daƙiƙa 56, a wasan Southampton da Aston Villa a Mayun 2015. Riyad Mahrez na Aljeriya ya zama ɗan Afirka na farko da 'yan wasa suka zaɓa gwarzon shekara, a 2016 da Leicester City ta ba duniya mamaki ta ɗauki kofin.

A cikin 'yan Najeriya, Yakubu Aiyegbeni ne kan gaba da ƙwallo 95, duk da bai taɓa buga wa ƙungiyar da ke takarar kofi ba. John Mikel Obi, haifaffen Jos, ya yi fiye da shekara goma a Chelsea, ya ci gasar sau biyu, amma ƙwallo ɗaya tak ya zura a cikinta. Ahmed Musa, wanda ya ci wa Kano Pillars 18 a kakar 2009–10, ya bi ta Holan da Rasha kafin ya isa Leicester a 2016. Zaman bai yi masa daɗi ba: ƙwallo biyu ya ci a gasar, aka mayar da shi aro CSKA Moscow a Janairun 2018.

Kofin Afirka da azumi

Gasar Kofin Ƙasashen Afirka galibi tana faɗowa ne a Janairu da Fabrairu, tsakiyar kakar Ingila, kuma dokar FIFA ta tilasta wa ƙungiya sakin ɗan wasan da ƙasarsa ta kira. Wannan ya daɗe yana jawo tsamin dangantaka, har wasu ƙungiyoyi kan yi jinkirin sayen ɗan Afirka saboda shi. An mayar da gasar Yuni da Yuli a 2019, amma ta dawo Janairu a 2022 a Kamaru. A wannan karon Liverpool ta rasa Salah da Mané har zuwa wasan ƙarshe, inda suka fuskanci juna, Mané ya ci bugun fanareti na ƙarshe da ya ba Sanagal kofinta na farko.

A Afrilun 2021, cikin watan Ramadan, an ɗan dakatar da wasan Leicester da Crystal Palace bayan faɗuwar rana domin Wesley Fofana da Cheikhou Kouyaté na Sanagal su sha ruwa. Daga 2023 hukumar alƙalan wasa ta umarci alƙalai su riƙa ba da irin wannan dama a duk wasan da lokacin buɗa-baki ya riska.