Dacen Sanda da Raminta: Ilimin da Ke Ƙarewa a Garejin Katafila

Babu abin da ke ƙona ran tsofaffin makanikan katafila kamar ganin sabon shiga ya zare sandar bawul, ya murje ta da samfefa, ya cusa ta a ramin da ya ga dama. Wannan sanda ita ce ke zamewa cikin gangar bawul, ta karkatar da man famfo zuwa gefe ɗaya na silinda, ta kuma buɗe wa man ɗaya gefen hanyar komawa tanki. Babu roba tsakanin ƙofofin man. Kusancin kafaɗun sandar da bangon ramin ne kaɗai ke riƙe matsi, kuma tazarar ba ta wuce 'yan maikuron ba, alhali maikuron guda kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita.

Shi ya sa a da ake goge kowace sanda da raminta da lallausan garin goge ƙarfe har su dace, ta zama ba ta da wani mazauni sai shi. Maigida nagari yakan yi wa kowace alama, ya wanke ta da kananzir, ya jera su bisa tsaftataccen ƙyalle, ya rufe ƙofa idan lokacin hunturu ne saboda ƙura, sannan ya shafa mata mai, ya tsayar da gangar, ya duba ko za ta sauka a hankali da nauyinta ba tare da cijewa ba. Yakan tsare siraran tsagin da ke kewaye da kafaɗa, waɗanda ke daidaita matsi don kada sandar ta manne a bango, da ƙananan yankan bakin kafaɗa da ke sakin mai kaɗan-kaɗan don hannun injin ya tashi ba fizga. Wannan dacen ƙarfe da ƙarfe abin alfahari ne idan aka tuna cewa injin matsi na Joseph Bramah na 1795 a Ingila da ruwa yake aiki, fata ce kuma ke toshe yoyonsa.

Daga baya libar da direba ke ja ta daina tura sandar kai tsaye, ƙaramin matsin mai da maganaɗisun lantarki suka karɓi aikin, bawul ɗin da William Moog ya fitar a Amurka wajen 1951 kuma ya ƙara tsananta awo. Wannan ci gaba ne na gaske, sai dai ya haifar da makanikan da suka iya sauya ganga ɗungurungum amma ba su iya karanta karce a jikin sanda ba. Idan hannun injin ya riƙa sauka da kansa alhali liba tana tsakiya, mai kuma yana zafi, sai su ɗora wa famfo laifi, mai injin ya sayi sabo, matsalar tana nan.